Bangon da Na Liƙa da Hannuna

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan la'asar

'Yata Norlela ce ta ba ni wannan littafi, wai in riƙa rubuta awon hawan jinina safe da yamma. Ɗari da sittin da biyu. To, na rubuta. Sauran takardar tawa ce, abin da na ga dama zan zuba mata. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya. Uwarta Sepiah ce ta koya min baƙaƙe a bayan buhun siminti, don haka wanda ya ga kuskure ya je ya same ta.

Kwana huɗu ke nan Sepiah tana asibiti, tun da ta zame a banɗaki. Sun sa mata ƙarfe a ƙugu. Likita ya ce nan da mako uku za a sallame ta.

Yau Norlela ta tsaya a ƙofar banɗaki ta harɗe hannu, ta ce, "Abah, in ƙasan nan bai bushe ba, daga asibiti Johor zan wuce da Mak. Gidana za ta zauna." Mak take ce wa uwarta, ni kuma Abah.

Na ce, "Kin taɓa ganin busasshen banɗaki a Taiping, garin da ake ruwa kamar an huda sama?"

Ta ce, "Kwana huɗu ba wanda ya buɗe shawa, a famfon waje kake wanka. To me ya jiƙa shi?"

'Yar da na goya a babur har ta gama makaranta ce take min tambayar alƙali.

Bangon nan ni na liƙa masa tayil, shekara talatin da ɗaya ke nan. Guda ɗari biyu da goma sha shida, shuɗi mai ɗan fure a tsakiya, Sepiah ta zaɓa. An daina yin irinsa. Shekara arba'in ina wannan sana'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bangona lafiyarsa ƙalau.

Talata, 4, da hantsi

Ɗari da hamsin da takwas. Ruwan sama ne ke shiga ta rufi. Na hau na duba, ban ga huda ba. Amma dai ruwan sama ne.

Laraba, 5, bayan azahar

Norlela ta kawo wasu mutum biyu da injin fasa bango. Babban cikinsu ko takalmi bai cire ba. Ya ƙwanƙwasa tayil ɗina da mabuɗin mota, ya ce, "Pak Cik, makullin ruwan shawa ne ke yoyo a cikin bango. Duk za mu sauke wannan tsohon yayin, mu sa maka fari tas kamar otal." Wai Pak Cik, kamar ni kawunsa ne.

Na ce, "Kai, ranar da na liƙa wannan, uwarka ko zance ba a fara zuwa wurinta ba."

Na jawo kujera na zauna a ƙofar. Suka yi ta kallon Norlela, tana kallona. Da suka gaji suka kwashi injinsu. Ta yi kuka a kicin, ta kunna famfo don kada in ji. Na ji.

Alhamis, 6, da safe

Mako ɗaya yau. Ban shiga banɗakin ba.

Juma'a, 7, bayan saukowa daga masallaci

Na kai wa Sepiah kunun shinkafa da soyayyun ƙananan kifi. Cokali uku ta sha. Ta rame a wuya. Ta ce, "Abang, kana cin abinci?" Abang take ce min, wato yaya. Na ce ina ci. Ta ce, "Ka ba furannina ruwa?" Na ce sama na ba su. Ba ta ɗauko maganar ba, ni ma ban ɗauko ba. Matar da ke gadon kusa da ita ta tambaye ta yadda abin ya faru, sai na fita neman ruwan zafi.

Asabar, 8, da yamma

Norlela ta koma Johor saboda aiki. Tana cikin mota ta sauke gilashi ta ce, "Na samo wata, ranar Litinin za ta zo. Ta ce ba ta fasa abin da ba dole ba. Siew Lan sunanta, 'yar Ah Fook. In ka kore ta, Abah, shi ke nan, na gama magana." Ta ja mota kafin in buɗe baki.

Duk masu gyaran famfon garin nan sai 'yar Ah Fook!

Bari in rubuta don a sani. Ah Fook mai haɗa bututu ne, mun yi gine-gine da yawa tare. Wata safiya a shagon shayi, gaban ma'aikata sun fi goma, ya nuna ni ya ce, "Derus binne bututu yake kamar gawa, ko sallah ba ya yi mata." Aka kwashe da dariya, har mai shayi. Tun daga ranar ban sake zama teburi ɗaya da shi ba. Da ya mutu bara waccan ban je ba. Ba na ƙiyayya, amma ba na mantuwa.

Litinin, 10, bayan azahar

Ta zo a kan ƙaramin babur, akwatin kayan aiki ɗaure a baya. Za ta kai arba'in da biyar, gajera, hannunta duk kanta. Ta cire takalmi tun daga bakin ƙofa. Na riga na ajiye kujerata a inda na ajiye ta ranar Laraba.

Ba ta ce in tashi ba. Ta leƙa ta saman kaina, ta daɗe tana kallon bango. Ta ce, "Wa ya ja layin nan?"

Na ce, "Me ya same shi?"

"Babu ko ɗaya da ya fi ɗan'uwansa fitowa. A kusurwa ma furen ya haɗu da fure. Da zare aka yi ko da ido?"

Na ce da ido. Gaskiya da zare ne, amma ido ne ya ja zaren.

Ta ce in rufe duk famfunan gidan. Ta kai ni gaban mita a bakin titi, ta tsuguna, ta nuna min 'yar jar allurar nan. Tana tafiya a hankali kamar mai ciwon ƙafa, amma tafiya take. Ta ce, "Pak Cik, ruwan sama ba ya bi ta mita."

Wa ya gaya mata na ce ruwan sama ne? Norlela, mana.

Sai ta ɗauko doguwar sukundireba, ta ɗora bakin a jikin tayil, ta manna ƙotar a kunnenta, ta rufe ido. Ta matsa taki ɗaya, ta sake. Ta fi rabin awa a haka, ba magana, ba duba waya. Na ga likitoci da yawa makon nan, ban ga wanda ya saurari mutum kamar yadda matar nan ta saurari bango ba. Daga ƙarshe ta tsaya yatsa uku ƙasa da marfin makullin, ta miƙo min ƙotar. Na ce kunnena ba ya ji sosai. Ta ce, "Gwada ɗayan."

Na gwada. Wani ɗan siriri, sssss, kamar maciji a rami.

Na ce, "To sai ki fasa, ai gadon gidanku ne."

Ta yi dariya ta ce, "Pak Cik, bango fuska biyu gare shi. Me ke bayan nan?"

Ɗakin kwananmu ne. Kabad ɗin kayan Sepiah ne a jingine a wurin.

Shekara arba'in ina gini, kwana goma sha ɗaya ina zaune ina tsaron fuska ɗaya, ban tuna da ta bayan ba. Kada a gaya wa kowa.

Talata, 11, bayan la'asar

Sai da muka kwashe kayan kafin mu ja kabad. Ni na riƙa ɗaukowa, ban yarda wani ya taɓa mata tufa ba. A can ƙasa, bayan akwatin mayafanta, katakon baya ya ruɓe, an yanke shi da wuƙa daidai shigar hannu. An rufe wurin da leda.

Da muka ja, ga abin da ke baya. Bango baƙi ƙirin har tsayin ƙirjina. A ƙasa farantin da take gasa kek na Sallah, wanda ta ce min ya ɓata shekara shida da suka wuce, cike da ruwa har ya tumbatsa. Tsofaffin tawul uku a naɗe, an jera su a gindin bango. Sai zanen da na sayo mata a Kelantan, an yayyaga shi tsumma.

Kullum sai in ga tawul biyu ko uku a igiya. Mu biyu ne a gidan. Har faɗa na sha yi mata kan ɓarnar sabulu.

Siew Lan ta kalli faranti, ta kalli ramin da aka yanka, ba ta kalle ni ba. Ta ce ta manta wani abu a babur. Ta daɗe ba ta dawo ba, kuma da ta dawo hannunta babu komai.

Sepiah ta taɓa gaya min. "Abang, bango yana gumi." Sau ɗaya. Ko biyu. Na ce mata mace me ta sani game da bango.

Laraba, 12

Ban auna ba.

Alhamis, 13, da yamma

Siew Lan ta auna daga ƙasa da kuma daga dokin ƙofa ta cikin banɗaki, ta zagayo ɗaki ta mayar da awon, ta zana murabba'i taki biyu da fensir. Na ce ina injin? Ta ce, "Inji zai girgiza tayil ɗinka daga baya su saki. Da hannu za a yi." Ta sa ni in tsaya a banɗaki in dafa tafin hannu a bango, in na ji bugun ya yi yawa in yi magana.

Awa huɗu tana sara da kurfi da ƙaramar guduma. Ba ta dukan bulo, lallashinsa take. Bugu uku ta hura ƙura, bugu uku ta hura ƙura. Ta can tana min tsiya.

"Pak Cik, buhu nawa ka zuba a nan? Bankin ƙasa ka gina?"

Na ce, "Aikin da ne, ba irin naku na biskit ba."

"Na yarda. Hannuna ma ya yarda."

Ban ji ko tayil ɗaya ya motsa a ƙarƙashin hannuna ba.

Wajen la'asar ta kira ni. Ta haska fitila. Ga makullin tagulla, ga bututun ƙarfe ya shiga cikinsa, wurin haɗin ya kumbura da tsatsa kamar ƙurji. Ta sa yatsa ta jawo wani baƙin abu. Zaren buhu ne da fenti, yadda muke naɗe haɗi a da. Na gane naɗin. Hagu nake naɗawa.

Ta ce, "A karkace ya shiga. Tun ranar farko yake ɗiga, ɗigo ɗaya ɗaya, tsatsa ta yi ta faɗaɗa masa hanya. Da an buɗe ruwa kafin a rufe bango, da an gani."

Jajibirin Ƙaramar Sallah ne. Uwar Sepiah za ta zo daga ƙauye, a ce surukinta magini banɗakinsa a buɗe? Ranar kuma an ɗauke ruwa. Na haɗa, na cika da siminti, na liƙa tayil, kafin magariba na gama. Kowa ya yaba.

Ban gaya mata wannan ba. Na ce masu ruwa ne ba sa kawo ruwa a kan lokaci. Ta ce, "Haka ne," ta ci gaba da aiki.

Juma'a, 14, bayan la'asar

Ta kwance marfin ta gaba, ta yanke bututu ta baya, ta zare tsohon makulli kamar mai cire ƙaya. Shago huɗu ta zaga kafin ta samo sabo wanda wuyansa zai bi ta tsohuwar hudar tayil ba tare da an ƙara ta ba. Ya shiga daidai, kamar don shi aka yi hudar. Ta buɗe ruwa. Muka fita bakin titi. Jar allura ta tsaya cak. Na daɗe a tsugune har gwiwata ta ƙage.

Na dawo na fara kwaɓa siminti. Ta ce, "Me za ka yi?"

"Rufewa."

"Ba yau ba." Ta naɗe kowane haɗi da takardar goge hannu. "Kwana uku a buɗe. In takarda ta kwana uku a bushe, sai mu yi magana."

Na ce, "Gidana ne."

Ta ce, "Haɗina ne." Ta ɗauke min cokalin gini daga hannu ta sa a akwatinta. Ni! Ko Ah Fook bai taɓa yi min haka ba.

Na ce mata halin ubanta ne ta kwaso, baki ba linzami. Na maimaita mata maganar shagon shayi kalma kalma. Ta zauna a kan bokiti tana dariya har da share ido.

"Ai ya sha faɗa a gida. Amma rabi ka riƙe, Pak Cik. Ina 'yar shekara goma sha biyu ya ɗauke ni a keke ya kai ni wurin alwalar masallacin kasuwa, ya roƙi ladan ya bar mu mu leƙa. Ya ce, kalli layin nan, hannun Derus ne, babu na biyunsa a duk jihar Perak. In kin samu rabin haƙurinsa a ido kin ci abinci. Sai dai kada ki kwaikwayi gaggawarsa a bututu."

Na ce ƙarya ne, don ta faranta min ne. Ta ce, "Shuɗi da fari, da koren baki a sama. Famfo goma sha biyu."

Goma sha biyu ne.

Na haɗa mata shayi da madara. Ta ce ya yi zaƙi da yawa. Ta shanye.

Asabar, 15, da safe

Takarda a bushe. Na taɓa sau biyar.

Lahadi, 16, bayan azahar

Sun fara tsayar da Sepiah da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Taku shida ta yi, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, ba ta ce wayyo ba. Nas ta ce ba ta ga mai taurin rai irinta ba. Na ce ni na sani.

Da muka zauna na ce, "Mun ja kabad."

Ta ce, "Farantina fa?"

"Na wanke."

Ta zuba min ido tana jira. Na san abin da take jira. Tun daga gida na shirya shi, a bas ma ina ta maimaitawa. Da na buɗe baki sai na ji ina cewa bututun zamanin da ba shi da kyau, kamfanoni ne macuta.

Ta juya fuska bango. Ta ce, "Norlela ta ce ɗakin da ta gyara min yana kallon lambu."

Litinin, 17, da magariba

Ɗari da saba'in. Shekara arba'in da shida da aure ban taɓa dafa wa kaina shinkafa ba sai watan nan. Kullum sai ta kama.

Talata, 18, da hantsi

Takarda a bushe, ƙasan banɗaki a bushe. Siew Lan ta goge gansakukar da ke tsakanin tayil na ƙasa da buroshi, wadda ido ba ya gani sai ƙafa. Ban tsaya kallon wannan ba.

Ba ta yarda a cike ramin ba. Ta kawo ɗan murfi fari mai sukurori huɗu. Na ce kamar ƙofar akurkin kaji. Ta ce, "Wanda zai zo bayana ya gode min, ba ya zage ni ba." Ta dawo min da cokalina ta ce in gyara gefen, wai hannunta bai kai nawa a shafe ba. Wannan gaskiya ta faɗa. Amma ta tsaya a kaina har na gama.

Sai ta kawo wata magana. Mai ƙarfe a ƙugu sai da abin riƙewa a bango, sanda biyu, ɗaya kusa da shawa, ɗaya kusa da ƙofa. Huda goma sha biyu. A cikin tayil.

Na ce, "Duk wahalar da kika sha don kada a taɓa su?"

Ta ce, "Na kare su daga wauta ne, Pak Cik. Wannan ba wauta ba ce. Amma bangonka ne." Ta ajiye sandunan da injin huda a kan teburi ta tafi.

Laraba, 19, bayan la'asar

Suna nan a kan teburi. Na ci abinci a tsaye.

Alhamis, 20, da yamma

Na kira Siew Lan na ce ta zo ta nuna min tsayin, amma ni zan huda. Ta sa na zauna a kujerar roba a ƙarƙashin shawa, na miƙa hannu kamar mai son tashi, ta rage yatsa huɗu saboda Sepiah ba ta kai ni ba. Ta manna salatif a kan kowane wuri don kada bakin inji ya zame. Tana ɗiga ruwa, ina hudawa.

Goma sha ɗaya lafiya. A ta ƙarshe na danna fiye da kima. Ƙas! Tsaga daga furen har kusurwa.

Ta ce, "Zan iya cike ta, ba mai lura."

Na ce ta cike don kada ruwa ya shiga, amma kada ta shafa mata launi.

Da muka ɗaure sandunan ta kama ɗaya da hannu biyu ta ɗage ƙafafunta sama tana lilo, mace mai 'ya'ya uku. Ta ce, "In ta ɗauke ni da burodin roti biyu a ciki, za ta ɗauki Mak Cik." Sepiah take nufi.

Da za ta tafi na raka ta har babur. Na tambaye ta inda aka binne ubanta. Ta faɗa min. Ba ta tambayi dalili ba. Wannan ma a wurinsa ta koya, ina jin, don ba a makaranta ake koyar da shi ba.

Asabar, 22, bayan azahar

Norlela ta zo. Ta shimfiɗa jarida a ƙasan banɗaki, ta rufe ƙofa, sai bayan awa uku ta buɗe. Ta ɗaga jaridar a haske. Ta ja sandunan. Ta ce, "Ya yi, Abah." Sannan ta ce, "Amma Mak ta ce in haɗa mata jaka."

Na ce, "Ba kin ce in ya bushe ba?"

"Ni na ce. Ita ba ta ce ba."

Na riƙe mata bakin jaka tana zuba kaya.

Lahadi, 23

Gobe.

Litinin, 24, bayan la'asar

Daga asibiti Sepiah ta ce a biya ta gida ta ga furanninta kafin su kama hanya. Jaka tana bayan mota, Norlela ko injin ba ta so kashewa.

Ba ta kalli furanni ba. Ta tura ƙarfenta taku taku, ta wuce falo, ta wuce kicin, sai ƙofar banɗaki. Ta tsaya daidai inda ta tsaya ranar da ta faɗi. Ta shafa ƙasa da tafin ƙafa. Ta saki ƙarfen ta kama sanda, ta jijjiga ta da ƙarfinta duka. Sai idonta ya kai kan tsagar.

"Wannan fa? 'Yar Ah Fook ce?"

Na ce, "Ita ba ta fasa komai. Ni ne."

Norlela tana bayana da mabuɗin mota a hannu.

Na ce, "Na cikin bangon ma ni ne. Tun ranar farko. Kin faɗa min, ban ji ba."

Ta daɗe tana kallona, har na ji kunnuwana sun yi zafi. Sai ta ce, "Ka ga? Ba ka mutu ba." Ta ɗaga murya, "Norlela, shigo min da jakata. Kuma ki duba tukunyar nan, tun daga ƙofa nake jin ƙauri."

Yanzu tana ciki, ina jin ruwa yana zuba. Na ajiye kujera a bakin ƙofa. Ta ce in tashi daga nan, ba biki ake ba.

Ban tashi ba.